Kwandon da Muke Kai wa Tsoho

Wannan labari ba a bakin kakata na ji shi ba. Da rana tsaka ya faru, da ƙafata na taka shi, bisa kaina na ɗauke shi, har yau kuma wuyana bai manta ba.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Tasawa, inda in mutum ya fita da jaki da hantsi zai iske kasuwar Maijirgi ba ta watse ba. Shekarar da nake magana soja ke mulki, sama kuma ta yi mana rowa. Aka yi shuka, ta bushe. Aka sake, ta tsiro, ta kai gwiwa, ta tsaya nan tana kallonmu muna kallonta har ta mutu. Maza suka bi hanyar kudu neman abin da za su aiko, mijina yana cikinsu. Aka bar mata da tsofaffi da ɗiya. Muka ci ganyen jiga na daji, muka ci dusa, muka ci anza, wadda sai an jiƙa an zubar da ruwa, an sake jiƙawa an sake zubarwa, kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Ɗiya suka kama dundumi. Da rana ta faɗi sai ka ga yaro yana lalube da hannu cikin gidan da aka haife shi.

Ana cikin haka aka yi shela cewa masu mulki sun ce kowane gari ya yi noman rani. Wani mushen gona, wato malamin gona na gwamnati, ya zo bisa babur, ya tara mu gindin gawo, ya raba mana iri cikin ƴan takardu: salati, karoti, tumatir, da shu, wanda mutanen kudu ke kira kabeji. Ya yi bayani mai tsawo, rabi Hausa rabi Faransanci. Ƙasa bai ba mu ba, ruwa bai ba mu ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

To, mace a wurinmu ba ta da gona. Abin da take da shi gamana ce, ɗan yankin da miji ke yanka mata daga gandu, ita ma can bisa tudu inda ruwa bai san hanya ba. Ƙasar da ke kusa da tabki duk ta maza ce, kowane yanki da mai shi, ko yana gari ko ba ya nan. Wuri ɗaya ne babu mai kallonsa, wani fako a gefen tabkin ta yamma. Fako ƙasa ce da ta mutu, ta ƙeƙashe kamar bayan tukunya, ko ƙarangiya ba ta yarda ta tsiro a kanta ba. Na wani tsoho ne da ƙafa ta riga ta gaza masa, ɗansa namiji guda kuma ya daɗe a kudu, ba aike, ba labari.

Ungozomar garinmu ita ta ja mu. Tsohuwa ce mai kaifin baki, rabin garin a hannunta suka faɗo duniya, don haka ba mai musu da ita. Muka bi ta har zauren tsohon, muka durƙusa, muka gaida shi.

Ta ce, "Baba, fakonka muka zo roƙo."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Me za ku yi da shi? Shanyar gari?"

"Garka za mu yi, ta noman rani."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ɗiyana, wurin nan tun ubana yana da rai hauya ba ta taɓa shi ba. In kuna so na ba ku. Ba aro na ce ba, ku ji da kyau. Kyauta na ba ku, duniya da lahira."

Muka yi godiya muka tashi. Mu kaɗai ne a zauren, mata zalla. Ba wadda ta yi tunanin a kira namiji ya ji, don a lokacin kiran shaida kan maganar dattijo zagi ne.

Ranar da muka fara sara, gatari ya yi ta tsalle yana dawo mana. Muka haƙa ramuka da ƙyar, muka shiga neman abin da za mu ciyar da ƙasar, don ita ma yunwa take ji kamarmu. Tokar murhu, sharar tsakar gida, kashin kaji, ruɓaɓɓen kara. Awaki sun mutu sai ɗaiɗai, don haka muka riƙa bin tsofaffin masheƙaran Fulani muna tsintar busasshen kashin shanu, mu cika kwando, mu ɗora a ka, mu dawo cikin rana da ciki wayam. Muka tona rijiya a cikin busasshen tabkin, muka saro ƙaya muka yi shinge. Ba wanda ya biya mu, ba wanda ya tilasta mu. Wadda ta gaji ta zauna ta riƙe jarirai.

Mushen gona ya dawo ya ce mu sayi angire, takin zamani, da maganin ƙwari. Ungozoma ta tambaye shi ko ana saye da duwatsu. Da tsutsa ta faɗa wa ganye, muka daka ganyen bedi, wato dogon yaro, muka jiƙa muka yayyafa, muka barbaɗa toka. Haka muka fara don rashi, daga baya muka ci gaba don mun ga ƙasar ta fi son haka.

A cikinmu akwai mata Kirista daga ƴan gidajen da ke gabashin gari, masu ɗan ɗakin ibadarsu na laka. Ɗaya daga cikinsu ƙawata ce tun muna amare, uwar tagwaye muke ce mata. Ran Lahadi mu ke ba fangalinsu na shuka ruwa, da azumi kuma su ke karɓar mana jan wasaki, gugan fata, da yamma, lokacin da maƙogwaro ya bushe. Ba a zauna an tsara wannan ba, haka nan ya zo.

Mun yi wauta iri-iri. Da shu ya fara dunƙulewa, ungozoma ta ce ciwo ne ya kama shi, ta bi layi tana buɗe ganyen da yatsa ɗaya bayan ɗaya don ya sha iska. Uwar tagwaye, wadda ta taɓa ganinsa a Maradi, ta iske ta tana yi.

Ta ce, "Inna, wannan fa ba haihuwa ba ce, ki bar shi ya rufe abinsa."

Ungozoma ta ce, "Ke kika san shi. Ni duk abin da ya dunƙule fito da shi nake yi."

Dariyar da muka yi ran nan ita ce ta farko tun da rumbuna suka ƙare.

Ranar da garka ta ba da na farko, muka tsaya muna kallo kamar ba mu muka shuka ba. Ungozoma ta ɗaga hannu ta ce, "Bakin kowa ba zai taɓa ba sai Baba ya taɓa." Aka zaɓi mafi kyau, aka cika kwando, aka ɗora mini, wai ni ce mai dogon wuya. Na bi ta tsakiyar gari da shi, mata na biye, yara na biye da mata. Tsohon ya ɗauki karoti ya jujjuya.

Ya ce, "Wannan kuma rogon wace ƙasa ne?"

Na ce, "Na fakonka ne, Baba."

Ya ce, "Ba ni da fako. Ba ni da haƙori kuma. Ku dafa mini shi ya yi laushi."

Ya yi ta sa mana albarka. Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace shekara kwandon farko nasa ne, ni ke ɗauka, ta tsakiyar gari, ido na gani.

Garkar ta riƙe mu. Yaran da ke lalube suka daina. Masu jego suka samu miya mai ganye, nono ya dawo musu. Muka sa doka cewa gidan da ke da mara lafiya ko mai jego yana da rabo, ko matar gidan ta ɗauko taki ko ba ta ɗauko ba. Ƙasar da gatari ke tsalle a kanta ta yi baƙi, ta yi laushi, in ka tura hannu sai ka ji sanyi, ka fito da tana tana motsi. Mata suka riƙa zuwa daga Kona, har daga ƙasar Mayahi, suna tambaya yadda aka yi.

Wata rana uwar tagwaye ta dawo daga ganin danginta wajen Kanambakashe da ɗan dashen mangwaro cikin gwangwani. Ta ce za ta dasa shi tsakiyar garka. Sai na faɗa muku abin da wannan ke nufi. A ƙasarmu wanda aka ara wa gona yana shuka hatsi, yana shuka wake, amma ba ya dasa itace. Mai ƙasa kaɗai ke dasawa. Wanda ya dasa itace mutane na gani ba a hana shi ba, ya gama faɗa wa gari cewa wurin nasa ne.

Ungozoma ta tare ta. Ta ce, "Mutum ya ba ki da bakinsa, ki je ki kafa masa shaida a ido? Ai kin ce bakinsa bai isa ba ke nan."

"Inna, Baba ya tsufa. Ranar da ba shi, wa zai faɗa?"

"Kul. Mutum yana zaune yana cin tuwonsa kina haƙa masa kabari?"

Uwar tagwaye ta dube mu ko wata za ta kama mata. Dukkanmu kunya ta rufe mu, don maganar ungozoma ita ce tarbiyyar da aka yi mana. Ta ɗauki gwangwaninta ta kai gida, ta dasa bayan ɗakinta.

Labarin garka ya kai kunnen manya. Aka zo da motoci, da wani babba cikin kaki, ƴan samariya, ƙungiyar samarin gari, na kiɗa. Aka jera mu a baya. A gaba kuwa aka tsai da mazan da ba su taɓa ɗaukar kashin akuya ko da tafin hannu ba, kowa riƙe da sabuwar butar ban ruwa da aka sauke daga mota da safen nan. Mai kakin ya yaba, ya ce za a gina rijiyar siminti. Aka gina kuwa, mai zurfi, ruwanta ba ya ƙafewa ko da bazara. Muka yi guɗa, muka yi rawa. Ba mu sani ba ranar ce wurin ya zama abin da namiji zai so.

Tsohon ya rasu da kaka, Allah ya ji ƙansa. Ɗansa ya dawo daga kudu, da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa. Ya zo bakin shinge ya tsaya, ya dubi rijiya, ya dubi ganye, ya yi mana sannu da aiki cikin ladabi. Bai ce komai ba har aka yi sadakar arba'in, bai ce komai ba har sanyi ya shigo, garka ta nuna.

Muka yi shawara kan kwandon farko. Ungozoma ta ce matar tsohon tana nan da ranta, tana cikin takaba, ba za a ce daga mutuwar miji an ɗauke mata abin da ta saba gani ba. Magana ce ta gaskiya. Na ɗauka, na bi ta tsakiyar gari kamar kullum. Da na isa, zauren cike yake da maza, ɗan yana tsakiya. Na nemi in wuce ciki wurin tsohuwa, sai ya miƙe ya tare ni da fara'a.

Ya ce, "Yaya, kawo nan, kada ki wahala."

Ya sauke mini da hannunsa, ya ajiye a gabansa, ya juya ga mazan ya ce, "To, kun dai gani."

Ban gane ba sai da aka kira mu ƙofar mai gari.

Aka shimfiɗa wa maza tabarmi, mu muka zauna a ƙasa daga gefe. Ɗan ya yi magana a hankali, ba faɗa, ba zagi. Ya ce ubansa mutumin kirki ne, ya ara wa mata wuri lokacin yunwa, yanzu yunwa ta wuce, magada suna son abinsu. Ungozoma ta ce kyauta ce, ta maimaita maganar tsohon kalma bayan kalma.

Mai gari ya ce, "Wane namiji ya ji?"

Babu.

Ɗan ya ce, "Ranka shi daɗe, a tambayi waccan." Ya nuna uwar tagwaye, don duk garin an san ba ta rantsuwa, ba ta kuma ƙarya. "Kowace shekara suna kai kwandon farko gidanmu ko ba sa kaiwa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Muna kaiwa."

"Bana, da ubana ba ya duniya, sun kai?"

"Mun kai. Amma na tsohuwa ne."

"Akwai itace ko guda da suka dasa a wurin?"

Ba ta dubi ungozoma ba, wannan alheri ta yi mata. Ta ce, "Babu."

Kowa a wurin ya san abin da ya rage. Wanda aka ara wa gona, in ya yi girbi, yakan kai dami gidan mai ita, ba don damin ya cika rumbu ba, don kada a manta ko ta wace ce. Wanda aka ba kyauta ba ya kai komai. Shekara da shekaru muna ɗauke da shaidar aro bisa kanmu, muna bi da ita ta tsakiyar gari, muna tsammanin godiya muke ɗauke da ita.

Ungozoma ta ce, "Godiya ce, ranka shi daɗe. Kai ma ka sani. Ni na yanke maka cibi."

Mai gari ya kau da kai. Ya ce, "Inna, ni ba na ganin zuciya. Kwando na gani."

Sai na nemi izini na yi magana. Na ce ko aro ne, al'ada ta ce wanda ya zuba wa gona taki ba a korarsa sai ya ci takinsa. Mazan suka yi ƙus-ƙus, don su ma da wannan al'adar suke kare kansu. Mai gari ya ce gaskiya ne, mu ƙara rani ɗaya mu fita. Sannan ya ƙara da abin da har gobe ba zan yafe ba. Ya ce akwai wani fako can arewa da gari, tun da Allah ya ba mu hannun tayar da matacciyar ƙasa, za a iya ara mana shi.

Ungozoma ta so a kai kuka wurin mai kakin da ya gina rijiya. Mazanmu, waɗanda suka dawo suka iske ɗiyansu da rai saboda garkar nan, suka hana. Mijina ya ce mini, "Ba ki zuwa. Wanda ya jawo soja cikin gari bai san wa za su tafi da shi ba." A zamanin ba ƙarya ya yi ba, amma na daɗe ban dafa masa miya da daɗin rai ba.

Ranin ƙarshe muka yi shi ba waƙa. Ungozoma ta daina zuwa, ta ce ƙafa ce. Da garka ta nuna, sai ga matar ɗan da tasa a hannu.

Ta ce, "Maigida ya ce a ba da na farko."

Uwar tagwaye ta ce, "Ki gaishe shi. Ki ce masa wuyan mai ɗaukar ya gajarce."

Na cika kwandon kamar kullum, da mafi kyau, na fita da shi bakin shinge, na kira yaran gari na raba musu, na ce su yi wa tsoho addu'a. Nasa ne, ban ga dalilin da zai sa mutuwa ta hana shi ba.

Ranar fita muka cire shingenmu muka yi makamashi da shi, muka kwashe igiya da wasaki. Abin da muka fi wahala a kansa ba ya ɗaukuwa. Uwar tagwaye ta durƙusa ta cika ƙwarya da baƙar ƙasar, ta ɗora a ka, ta bi ta tsakiyar gari, ta je ta juye gindin mangwaronta. Ungozoma ba ta ga damina biyu bayan haka ba. Da na je gaishe ta tana kwance, ba ta yi zancen garka ba, sai ta tambaye ni ko mangwaron nan ya kama. Na ce ya kama.

Kada ku yi tsammanin wurin ya lalace a hannunsa. Na so a ce haka ya faru, amma bai faru ba. Ƙasar da muka ciyar ta ci gaba da bayarwa, ba ta tambayi wa ke ci ba. Ya kewaye ta da waya, ya cika ta da albasa, amalanke na kai wa kasuwar Tasawa. Abu na farko da ya yi shi ne dasa lemo a kusurwoyinta. Wasu daga cikin matan da suka ɗauko takin nan bisa kai sun koma suna yi masa cirar ciyawa ana sallamarsu da yamma. Rabon mai jego da mara lafiya kuwa ya tafi tare da shingen ƙaya. Fakon arewa ba mu je ba. Yana nan yadda yake.

Yanzu jikokina mata sun yi ƙungiya, wani ya ba su wuri, sun zo suna tambayata me za su fara shukawa, don sun ji an ce na san ƙasa. Na ce kafin iri ya taɓa ƙasa su haƙa rami su dasa itace, da rana, ranar kasuwa, mai wurin yana tsaye yana kallo, maza suna kallo. Na ce kwandon farko su zauna cikin garka su cinye shi, ko ganye ɗaya kada ya fita.

Ƙaramarsu ta ce, "Kaka, ai wannan rashin kunya ne."

Na ce na sani. Ba haka aka rene ni ba, ba haka na so in rene su ba. Na aike ta gidan uwar tagwaye, wadda ta riga ni tafiya, ta roƙo ƙwallon mangwaro wurin ɗiyanta.